Yadda na tayar da amfilifayar wani tsohon akwatin kiɗa a Shikago

Gyaran rediyo na koya a shagon kawuna a Kano tun ina yaro, lokacin ana kawo mana sauran rediyoyi masu bawul (ƙwai masu kama da na fitila da ke ƙara ƙarfin sauti) jefi-jefi. Shi ya sa da maƙwabcina a Shikago, wani dattijo, ya kai ni ɗakin ƙasan gidansa ya yaye bargo daga kan akwatin kiɗan da ya gada wurin mahaifinsa, sai na ji kamar na haɗu da ɗan'uwa. Irin akwatin nan ne da ake jefa wa kwabo ya zaɓo faifai da kansa: Seeburg M100C na 1952, ƙirar nan garin, mai faifai 50, waƙa 100. Ya ce ya fi shekara talatin bai ji muryarsa ba.

Kuskurena na farko gaggawa. Na jona shi da wuta kai tsaye. Lasifika ta ɗauki gurnani, kafin minti biyu cikin ɗaya daga bawul biyun nan 6L6 ya yi ja wur kamar garwashi. Na zare waya. Nan take na yanke wa bawul ɗin hukunci, na sayo sababbi guda biyu ƙirar Sulobakiya da kuɗi masu ciwo. Sabon ma ya fara ja a gurbin nan dai.

Sai a sannan na ɗauko mitar awon wuta, abin da ya kamata in fara da shi. Tsakanin bawul mai turo sauti da 6L6 akwai ɗan kondansa na takarda da kakin zuma. Aikinsa ya bar sauti ya wuce, ya tare wuta. Shekara saba'in ta sa ya sha danshi, yana yoyon wuta zuwa ƙafar da ke sarrafa bawul ɗin, inda bai kamata a ga ko kaɗan ba. Bawul ya buɗe baki yana zuƙar wuta ba ƙaƙƙautawa. Abin da bai kai dala biyu ba ya kusa cinye bawul da tiransifomar sauti, wadda samunta yanzu sai an sha wuya. Tsofaffin bawul ɗin ashe lafiyarsu ƙalau, na mayar da su.

Na canza duk kondansan takarda, da manyan da ke tace wuta, waɗanda bushewarsu ce ta kawo gurnanin. Ɗaya bayan ɗaya nake cirewa, ina ɗaukar hoto kafin in sa dalma. Rasista kuwa, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, sai wanda awo ya nuna ya kauce. Ban yarda da masu kwashe komai su zuba sabo ba, suna kashe wa na'ura asalinta a banza. Wutar ciki ta haura volt 300, kuma manyan kondansan na riƙe ta ko an zare waya, don haka kullum sai na sauke ta ta rasista, na auna, sannan in taɓa. Hannu ɗaya a aljihu, kamar yadda kawu ya hore ni.

A kunnawa ta biyu na sa ƙwan fitila mai wat 100 a kan layin wutar, don idan wuta ta haɗe a ciki shi zai haska ya shanye. Ya yi haske, ya dushe. Gurnani ya tafi, amma faifai na juyawa shiru!

Kwana biyu ina bin zanen waya. Ashe akwatin na da makunnin da ke toshe sauti yayin da yake canza faifai, don kada a ji ƙarar inji. Tsohon maiko ya daskare, ya riƙe shi a rufe. Na wanke, na goge bakinsa da farar takarda, ya saki.

Dattijon ya danna lambar waƙa B7 da kansa. Inji ya yi zarya, ya ɗauko faifai, sauti ya cika ɗakin. Ya jawo kujera ya zauna gaban gilashin, ya ce in bar shi ya ji ɗaya gefen ma kafin in mayar da murfin baya.