Abin da sikeli ya koya mini a wankin ƙoda ta ciki

In aka ce wankin ƙoda, yawancinmu injin da ke jan jini ya mayar muka sani. Akwai wata hanyar: a dasa siririyar roba a cikin majiyyaci, a zuba ruwan magani, tantanin da ya lulluɓe hanji ya yi aikin tacewa. A Kano na karanta ta, amma sai da na dawo ƙaramin asibitinmu a ƙasar Ringim, ina bibiyar wani dattijo da ake yi wa a gida, na gane rabin aikin lissafi ne.

Ana zuba lita 2, a bar shi awa 4 zuwa 6, a juye. Abin da ya ɗara wanda aka zuba shi ne ruwan da aka raba jiki da shi. Lita ɗaya kusan kilo ɗaya ce, don haka 'yarsa ke rataya ledar ruwan maganin a irin sikelin da muke awon jarirai, kafin zubawa da bayan juyewa, ta rubuta a littafin makaranta. Awon farkon ba ɓata lokaci ba ne, domin ruwan leda yakan ɗan fi abin da aka rubuta a jikinta.

Sukarin da ke cikin ruwan ne ke janyo ruwan jiki, kamar yadda gishiri ke tatso ruwan yankakkiyar albasa. Ledojin hawa-hawa ne: 1.5, 2.5 da 4.25 cikin ɗari. To amma sukarin ba ya zama wuri ɗaya, jini na tsotse shi sannu a hankali. In ya yi ƙasa, jan ya tsaya, ruwan ya fara komawa jiki. Kuma tantanin kowa da irin saurinsa. Shi ya sa a 1987 likita Twardowski a Amurka ya fito da gwajin awa 4, inda ake ɗibar ruwan a farko, a awa 2 da awa 4, a kwatanta dattin cikinsa da na jini. Mai saurin tantani gajeren zama ne ya dace da shi. In kuwa aka sa mai 4.25 awa 4 rarar ba ta kai mililita 400 ba, likitoci sun san tantanin ya fara gazawa.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne kada a yi wa lamba gaggawar fassara. Wata safiya 'yar ta kira ni hankali a tashe: “Sista, ledar Baba ta fito ba ta kai abin da muka zuba ba. In sa mai ƙarfin?”

“Dakata tukuna. Yaushe rabon Baba da bayan gida?”

Kwana uku. Hanjin da ya cika yakan danne bakin robar, ruwan ya maƙale alhali tantanin lafiya lau. Aka ba shi maganin sassauta ciki, ya riƙa juyawa gefe zuwa gefe lokacin juyewa, lissafi ya dawo daidai. Ina jin tsoron saurin komawa leda mai ƙarfi, saboda yawan sukari na cinye tantanin a tsawon shekaru, kuma mutumin ƙauye in ya rasa shi, sai jigilar zuwa inji a birni sau biyu ko uku a mako.

Yanzu shafinta na da ƙarin layuka: nauyin Baba, awon jininsa, kumburin ƙafa, da ko ana iya karanta rubutu ta cikin ledar da aka juye. Ranar da ruwan ya gurɓace har rubutun bai karantu ba, alamar ƙwayar cuta ta shiga ciki ke nan, ba ma jiran gobe, mota ake nema.