Ƙudajen Ayaba a Kicin Ɗin Inna

Talata, Jos

Sanyin yau ya hana ni wankan asuba. Da muka tashi daga lacca na biya Farin Gada na zaɓi ayabar da ta fi baƙi, mai sayarwar har tana tambayata ko lafiya. Na yanka ta a kwalba na ajiye a tagar kicin, don in tara 'yan ƙudajen nan masu jajayen ido da za mu duba ranar Alhamis.

Inna na shigowa ta ce, "Ke 'yar nan, wace ƙazanta ce wannan?"

Na ce, "Karatu ne, Inna."

"Kiwon ƙuda ne karatun?"

Na so in yi mata bayani, amma laccar ba ta gama zama a kaina ba. An nuna mana wata tsutsa, C. elegans, tsawonta bai fi milimita 1 ba, ƙwayoyin jijiyarta 302 ne cif. Idan ƙwayar gadonta mai suna unc-6 ta lalace, zaren jijiyoyin sai su ɓace hanya, tsutsar ta kasa tafiya yadda ya kamata. Sinadarin da wannan ƙwaya ke samarwa kamar ƙamshin tuyar ƙosai yake, zaren yana bin sa har ya isa inda aka nufa. A 1994 aka gano ɗan'uwansa a jikin ɗan tsako tun yana cikin ƙwai, aka sa masa suna netrin. Ƙudan kwalbata ma yana da shi.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wata ƙwayar gadon ƙuda mai suna Notch. Ƙwayoyin jiki da yawa ne ke iya zama jijiya, amma da zarar ɗaya ta shige gaba, sai ta aika wa maƙwabtanta saƙo ta hanyar Notch su haƙura su zama fata. Ni dai sallar jam'i na tuna: mutum ɗaya ya ja, saura su daidaita sahu. Tsutsar ma tana da irin wannan ƙwayar gado, alhali zuriyarta da ta ƙuda sun rabu shekaru ɗaruruwan miliyoyi da suka wuce.

Da daddare na faɗa wa Inna wannan. Ta ce Allah mai iko, amma dai kwalbar ba za ta kwana a kicinta ba.

Na mayar da ita bayan gida. Ƙuda 4 kawai na ƙirga a ciki, kuma a sanyin nan ba sa saurin hayayyafa. Gobe zan lallaɓa in shigar da ita ƙarƙashin gadona.