Daƙiƙa biyu a doron jirgin dakon jiragen yaƙi

Mutanen Injamena sun saba da rugugin jiragen Mirage na sojan Faransa, har zuwa Disambar 2024 da aka kwashe su. Titin da suke tashi a kai tsawonsa mita 2,800 ne, matuƙi na da sarari ya ɗauki gudu, in ya ji abin da bai gamshe shi ba ya taka birki. Jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi samfurin Nimitz na Amurka kuwa, daga goshi zuwa wutsiya mita 333 ne kacal, kuma a wannan ɗan fili ake tashi, ake sauka, ake ajiye jirage, ake zuba mai, ake ɗaura makamai.

Tashi da majajjawa ake yi. A ƙarƙashin doron akwai dogayen bututu biyu masu fistin a ciki, tsawon tafiyarsu wajen mita 94, bai ma kai filin ƙwallon Roumdé Adjia na Garwa ba. Ana saƙala sandar da ke jikin tayar gaba a wani ƙarfe da ya leƙo ta tsagar doron, a bayan tayar kuma a ɗaura wata sandar da za ta riƙe jirgin yayin da matuƙi ya ba injin wuta gaba ɗaya. Da an saki tururi, sandar baya ta saki, cikin daƙiƙa biyu jirgi mai nauyin da ya kusa tan 30 ya kai gudun kilomita 260 a awa. A jirgin yaƙi samfurin F/A-18 matuƙi ba ya ma riƙe sandar tuƙi a wannan lokaci, wani mariƙi yake kamawa a gefe, kwamfutar jirgin ce ke ɗaga masa hanci.

Duk wannan a kan lamba ɗaya ya rataya, wato nauyin jirgin. Kafin harbawa wani mai koriyar riga yakan ɗaga allo ya nuna wa matuƙi nauyin da aka rubuta, matuƙi ya amince ko ya yi alamar a ƙara ko a rage. Da wannan lamba, da ƙarfin iskar da ke kaɗawa a doron, ake saita bawul ɗin tururi. In ƙarfin ya yi yawa ana iya lalata ƙafar gaba. In ya gaza, jirgi zai kai bakin doro bai sami gudun da fukafukai za su ɗauke shi ba. Tsakanin doro da ruwa mita 18 ne, ga kuma ƙaton jirgin ruwan na biye da shi a baya. Abin da ya rage wa matuƙi shi ne ya ja mariƙin kujerar tsira nan take, ta cilla shi waje. Shi ya sa ake juya jirgin ruwan ya fuskanci iska kafin a fara harbawa, don iskar ta cike wani abu daga gudun da ake bukata.

Ba sai da majajjawa ake faɗuwa ba. Ranar 17 ga Nuwamban 2021, a Bahar Rum, wani jirgin yaƙi F-35B na Birtaniya ya taso daga jirgin dako HMS Queen Elizabeth, wanda tudun hawa ne a goshinsa maimakon majajjawa. Murfin da ake toshe bakin shaƙar iska da shi in jirgi na ajiye ya maƙale a ciki, ba wanda ya gan shi. Injin ya kasa ba da ƙarfi, matuƙin ya yi ƙoƙarin tsayawa amma fili ya ƙare, ya cilla kansa waje, jirgin ya gangara teku. Irin wannan ne dalilin da ma'aikata ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa su taka doron daga farko zuwa ƙarshe suna tsintar kusa da noti da guntun waya kafin a kunna injin ko ɗaya.

Sauka ta fi tashi wuya nesa ba kusa ba. Jirgi na zuwa da gudun kilomita 250 a awa, a kan gangaren digiri 3.5, kuma ba a lallaɓa shi kamar jirgin fasinja, buga shi ake yi a doro. A wutsiyarsa akwai ƙugiya, a gicciye a doron kuma akwai igiyoyin ƙarfe uku ko huɗu, kaurin kowace bai kai santimita 4 ba. Inda suke huɗu, ta uku ake nema. Igiyar na haɗe da injin mai aiki da matsin ruwan haidirolik a ƙasan doro, shi ke shanye ƙarfin jirgin ya tsayar da shi cikin mita ɗari da 'yan kai. Shi ma da nauyin jirgin da ke tafe ake saita shi, jirgi bayan jirgi.

Matuƙi ba igiya yake kallo ba. Wata fitila ce a gefen hagu, ƙwallon haske ruwan ɗorawa a tsakiyar jerin koraye. Ƙwallon ya haura layin, ka yi sama. Ya nutse ya koma ja, ka yi ƙasa sosai. A gefe kuma wasu matuƙa na tsaye da rediyo, suna iya kunna jajayen fitilu su kore shi ya sake zagayowa. Da tayoyi sun taɓa doro yakan ba injin wuta gaba ɗaya, ko da ya ji kamar ƙugiya ta kama, domin in ta tsallake igiyoyin duka dole ya sake tashi. An karkatar da filin sauka digiri 9 zuwa hagu domin wanda ya kuskure ya wuce ta gefe, kada ya afka wa jiragen da ke ajiye a gaba. Kafin wannan dabara da fitilar su bazu, a 1954 kaɗai sojan ruwan Amurka da na kundunbalarsu sun yi asarar jirage 776 da mutum 535.

Mafi muni shi ne jirgi ya yi ƙasa ya daki bakin wutsiyar doro. Ratar ƙugiya da wannan baki wajen mita 4 ce in komai daidai yake, kuma in teku ta tashi wutsiyar na hawa da sauka kamar kwalekwale a kogin Logon da damina, sai dai wannan kwalekwalen tan dubu ɗari ne. Ranar 24 ga Janairun 2022 wani jirgin yaƙi F-35C ya daki wutsiyar jirgin dako USS Carl Vinson a tekun kudancin Sin. Bincike ya nuna matuƙin ya yi juyin gaggawa na shigowa sauka, aiki ya yi masa yawa, bai kunna na'urar da ke daidaita wutar injin da kanta ba. Ya ƙara wuta a makare. Shi da wasu ma'aikatan doro suka ji rauni, jirgin kuma sai a watan Maris aka tsamo shi daga zurfin mita 3,700 da ɗoriya. A daren 26 ga Mayun 1981 kuwa, wani jirgin sama samfurin EA-6B ya kauce layi a kan jirgin dako USS Nimitz ya afka wa jiragen da ke ajiye, wuta ta tashi, makamai suka fashe, mutum 14 suka rasu.

Abin da ya fi tayar da hankali game da igiya shi ne wanda take illatawa yawanci ba matuƙi ba ne, matasan da ke tsaye a doro ne. In ta tsinke takan yi bulala a gicciye daidai tsayin ƙafa. Ana ƙirga duk kamun da ta yi, a canza ta bayan ɗari da 'yan kai ko da ido bai ga aibu ba. Amma a Maris 2016, a kan USS Dwight D. Eisenhower, laifin ba na igiyar ba ne: masu gyara sun tsallake matakai wajen saita injin ƙasa, ya kasa shanye ƙarfin wani jirgin sama samfurin E-2C, igiya ta tsinke, mutum takwas suka ji rauni, wasu da karaya. Jirgin ya ɓace a bakin doro, sannan ya sake bayyana yana hawa, albarkacin wutar da matuƙan suka riga suka ba shi. F/A-18F na USS Harry S. Truman bai yi wannan sa'a ba a Bahar Maliya ranar 6 ga Mayun 2025, igiya ta kasa riƙe shi, mutum biyun da ke ciki suka cilla kansu aka tsamo su.

Matsalar igiya na cin har jirgin da bai taɓa ta ba. A Nuwamban 2016, a gaɓar Siriya, wani jirgin yaƙi MiG-29K ya yi ta zagaye yana jiran a gyara igiyoyin jirgin dako Admiral Kuznetsov na Rasha har ya faɗa ruwa. Makonni kaɗan bayan haka igiya ta tsinke da wani Su-33. Amurkawa kan bar jirgi mai ɗauke da mai yana shawagi a sama lokacin sauka saboda irin wannan jira, in kuma ƙugiya ce ta lalace, a kafa ragar nailan a gicciye a doro ta cafke jirgin ta fukafukai.