Aikin muna yinsa, takardar ce babu

Duk wanda ya taɓa kwanan jinya a asibitin gwamnati a Kano ya san wa yake gani da ƙarfe biyun dare: nas. Ita ce za ta ji mai ciki tana kukan ciwon kai da ganin dishi-dishi, ta auna jininta, ta gane jijjiga ce ke tafe, ta haɗa allura kafin likitan da ke kan kira ya fito daga tiyata. Ni nas ce, ɓangarena sa barci ne a ɗakin tiyata. Na yi shekara uku a makarantar nas, na yi aiki, sannan na koma kwas ɗin ƙwarewa, irin wanda wasu ke yi a fannin ƙashi a Dala ko fannin ido a Kaduna. Hukumar nas da ungozoma ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta yi wa shaidata rajista.

To amma me shaidar ta ba ni damar yi? Amsar tana hannun asibitin da ƙafata ta taka. A wani wurin ni kaɗai nake yin allurar baya ga matar da za a ciro wa jariri, in zauna a kanta ina kallon bugun zuciya har a gama ɗinki. A wani wurin ko sirinji ba zan ɗauka ba sai likita na tsaye. A asibitin kuɗi kuwa, abin da mai asibiti ya faɗa shi ne doka. Ranar da komai ya tafi daidai ba mai tambaya. Ranar da jini ya faɗi aka sha wuya, sai ka ji an ce, "Sista, wa ya ba ki izini?"

Abin da ke ba ni haushi, jami'in lafiya na matakin farko a ƙaramin asibitin unguwa yana da littafin ƙa'ida a kan teburinsa: ga ciwon da zai duba, ga maganin da zai bayar, ga inda zai tsaya ya tura gaba. A 2014 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fito da tsarin rarraba ayyuka, wato miƙa wa nas da sauran ma'aikatan lafiya wasu ayyukan likita, saboda ƙarancin likitoci. An yarda ke nan muna ɗaukar nauyin. Matakin nas mai irin wannan ƙwarewar, wanda zai zo da suna, da lasisi na daban, da iyaka a rubuce, shi ne har yau shiru.

Amurka ma ta sha wannan ruɗanin. A 1965 aka buɗe kwas na farko na nas mai duba marasa lafiya kamar likita a Jami'ar Kolorado, daga nan kowace jiha ta yi nata tsarin. Sai a 2008 ƙungiyoyinsu suka amince da tsari ɗaya mai rukuni huɗu: mai duba marasa lafiya, mai sa barci, ungozoma, da ƙwararriyar wani fanni. Sharuɗɗan su ne digiri na biyu aƙalla, makarantar da aka tantance, jarrabawar ƙasa, sannan lasisi. Duk da haka har gobe wasu jihohin na barin nas ta rubuta magani da kanta, wasu sai da hannun likita. Majalisar nas ta duniya ita ma a 2020 ta ce digiri na biyu ne ƙaramin mizani ga nas mai wannan matakin.

Ina goyon bayan mizani ɗaya, daga Kano har Kalaba. Tsorona kada a kwafo takardar Amurka a liƙa mana. Metiron ɗin, wato babbar nas, da ta koya min kama jijiyar jariri ba ta da digiri ko ɗaya, ga 'ya'ya a makaranta, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. A ce ta nemi digirin nas na shekara biyar irin na Bayero, ta ɗora na biyu, kafin a yarda ta iya abin da take yi tun kafin a haifi masu koyar da ita? A yi mata gada. A gwada hannunta a gaban gado, a lissafa shekarun aikinta, a ba ta darasin magunguna a lokacin da ba ta bakin aiki. Masu tasowa kuwa a tsaurara musu, don na ga mai digiri da hannunsa ke rawa wajen sa robar fitsari.

Likitocin da ke tsoron za mu ci musu iyaka, iyakar ai ita muke roƙo a shata. Yanzu ne ma ake cin ta, kullum, ba mai lissafi.

A Fabrairun 2024 hukumarmu ta ce sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance takardunta na fita waje, aka yi ta zanga-zanga. Da ƙarfin nan aka sa wajen gina mataki a gida, da wasu sun zauna. Kwanan nan wata ƙanwata a wurin aiki ta ce, "Anti, in tafi kwas ɗin sa barci ko in nemi digiri?" Na ce ta fara da digirin, don shi ake ganewa a ko'ina. Ta ce dama Ingila take hari.