Yadda Na Zaɓi Injin Watsa Ƙanƙara Na Ɗaurawa A Tarakta

Gidanmu yana kudu da birnin Bafalo a jihar New York, kuma daga ƙofar gareji zuwa bakin titi tafiyar ƙafa ɗari uku ce a kan tsakuwa, ga ɗan gangare a tsakiya. Da rani muka sayi gidan, ko'ina kore shar, don haka tsawon hanyar nan bai dame ni ba. Sai da hunturu ya kama na san abin da na saya.

Wanda bai zauna a yankin nan ba zai yi wuya ya gane irin dusar ƙanƙararmu. Iska mai tsananin sanyi ce ke ratsowa ta saman Tafkin Iri tun ruwansa bai daskare ba, ta kwashi danshi, ta zo ta juye shi a kan garuruwan da ke gefen tafkin. A watan Nuwamba na 2022 an auna kimanin inci 80 a garin Orchard Park da ke kudu da Bafalo cikin 'yan kwanaki, har aka mayar da wasan ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Buffalo Bills can birnin Ditroit. A wannan makon ni da babban ɗana muka wuni da shebur da ɗan injin turawa da hannu, amma har magariba ba mu kai rabin hanya ba. Da na shigo ina riƙe da ƙugu, uwargida ta ce, "Abban yara, taraktar nan da ke ajiye a rumfa, yankan ciyawa kaɗai ta iya?"

Gaskiyarta. Ina da ƙaramar John Deere 1025R, injinta na da ƙarfin doki kusan 24. Abin da ban kula da shi ba a lokacin shi ne, ba duk ƙarfin nan ke isa ga abin da ka ɗaura mata ba. A bayan tarakta akwai wani ƙarfe mai juyawa da ake kira PTO, shi ke tuƙa duk injin da aka jona, yana juyi 540 a minti ɗaya. Ƙarfin da ke fita ta nan a tawa taraktar bai wuce doki 18 ba. Wannan lambar ita ce ta kamata in riƙe a kaina kafin in fita cefane.

Ban riƙe ba. Na ga tallan wani injin watsa ƙanƙara da aka taɓa amfani da shi, mai faɗin inci 72, farashinsa da sauƙi, na ce a raina da wannan sahu biyu zan yi in gama. Na biya na ɗauko. Ranar farko da ƙanƙara mai laushi ta sauka ya yi aiki lafiya lau. Ranar da mai nauyi ta zo, irin jiƙaƙƙiyar nan mai kama da kwaɓaɓɓen siminti, sai tarakta ta riƙa nishi, hayaƙi na fita baƙi, abin da ya kamata ya tashi sama ya faɗa nesa sai ya riƙa zubowa a gindin inji. Sau uku bututun ya toshe kafin in kai gangare.

Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi rayuwarsa yana kiwon shanun madara, shi ya tsaya a bakin shinge ya yi mini lissafin da manoman nan ke yi: kowace ƙafa ɗaya ta faɗin inji tana son kimanin doki biyar daga PTO. Nawa ƙafa shida ne, yana neman talatin, ni kuma goma sha takwas gare ni. Na ɗora wa jaki kayan raƙumi. Kafin ƙarshen watan na sayar da shi ga mai babbar tarakta, da 'yar asara kaɗan.

Daga nan na zauna na fahimci injin kansa. A bakinsa akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe, kamar wanda ke cikin injin markaɗe, shi ke tattaro ƙanƙara zuwa tsakiya. Daga can wata fanka mai gudu ta sure ta, ta cilla ta sama ta cikin bututu. Faɗin bakin ne ke ɗaukar ido a wurin sayarwa, amma girman fankar da ƙarfin da ke juya ta su ke nuna ko ƙanƙara za ta faɗa ƙafa talatin daga hanya ko za ta dawo maka.

Sai babbar tambaya: a gaba za a ɗaura ko a baya? Wannan ta hana ni barci fiye da batun faɗi. Na gaba ya fi daɗin aiki nesa ba kusa ba, kana kallon inda za ka, kamar tuƙin mota. Amma da wani PTO na biyu da ke ƙarƙashin cikin tarakta yake aiki, sai an sayi ƙarafunan ɗaurawa na musamman da suka dace da samfurin taraktarka kaɗai, kuma kuɗin da aka yanka mini ya kusa ninka na baya. Abin da ya fi damuna, dole in cire bokitin kwasar kaya da ke gaban tarakta duk tsawon hunturu. Akwai kuma nau'i na uku da aka fi sani a Kebek ta Kanada, inda kamfanoni irin su Pronovost da Normand ke ƙera shi: a baya yake, amma gaba kake tafiya yana kwashe abin da ka taka. Masu share gidajen mutane don kuɗi suna sonsa saboda sauri. Sai dai tarakta ce ke fara kutsawa cikin ƙanƙarar, tawa kuwa gajera ce, ranar da aka yi ƙafa uku cikinta zai dafe a kai.

Na baya na ɗauka, mai inci 54, wanda ake aiki da shi da ribas. Bokitin nan shi ya yanke hukunci. Duk sanda motar share titi ta ƙaramar hukuma ta wuce, takan bar tudu a bakin hanyarmu, cakuɗe da gishiri da yashi, in ya kwana ya zama dutse. Bokiti ne ke fasa shi. Ko inci 54 ɗin ma ya ɗan zarce lissafin dattijo, amma faɗin taraktar kusan inci 48 ne, kuma dole inji ya rufe sawun tayoyi, in ba haka ba kana sharewa tayarka na taka wadda ba a share ba. Abin da ya cece ni shi ne taraktar ba ta kuloci da giya ba ce, feda ake takawa, ina iya rarrafawa a hankali alhali inji na kan cikakken gudunsa.

Ba zan ɓoye ba, wuya yana ciwo. Minti arba'in kana waige ba wasa ba ne ga wanda ya haura hamsin. Na koyi zama a karkace a kan kujera, na sa madubi babba da fitila mai haska baya. Duk mai ciwon wuya ko baya da ya tambaye ni, na gaba nake ce masa ya saya, ko da zai jira shekara guda yana tara kuɗin.

Tsakuwa ma ta koya mini nata karatun. A gefen injin akwai wasu takalman ƙarfe biyu da yake zamewa a kansu. Na bar su yadda suka zo, sai ga duwatsu suna fita ta bututu kamar harsashi, ɗaya ya fasa fitilar bakin gareji. Yanzu nakan sauke takalman har bakin inji ya tashi kamar inci ɗaya daga ƙasa, kuma ƙanƙarar farkon shekara ba na taɓa ta, da mota nake dannewa ta daskare ta zama shimfiɗa. Akwai kuma wani ƙaramin noti da aka yi shi musamman don ya karye idan inji ya haɗiyi dutse ko icce, domin kada giyar ciki ta lalace. Kada a kuskura a musanya shi da mai tauri don an gaji da canzawa. Guda goma nake ajiyewa a akwatin tarakta tare da sifana biyu. Idan bututu ya toshe kuwa, sai na kashe tarakta, na zare makulli, na jira komai ya tsaya cik, sannan in sa sanda. Hannu ba ya shiga wurin nan, kuma na gaya wa yarana haka ba sau ɗaya ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne: sarƙa a tayoyin baya saboda gangare, man dizal na hunturu don na rani kan yi kauri ya toshe matatar mai, da waya mai ɗumama inji da nake jonawa kafin in shiga alwala. Tun watan Oktoba nake kafa sanduna masu ƙyalli a gefen hanya, don in komai ya yi fari ba ka bambance hanya da lambatu.

Abu ɗaya da na yi tsumulmula a kansa kuma nake nadama shi ne juya bututu. Na ɗauki mai hannun murɗawa don ya fi araha. A nan iska daga yamma take busowa, dole in riƙa juya bakin bututun ya bi ta a kowane sahu, in ba haka ba duk abin da na watsa a fuskata yake ƙarewa. Na riga na yi odar ƙaramin injin lantarki da zai riƙa juya shi da maɓalli, dattijo ya ce ranar Asabar zai zo da na'urar waldarsa mu ɗaura.