Zaman da aka yi kan rijiyoyin burtsatse

Jiya na je zaman da ƙaramar hukuma ta kira manoman rani akan rijiyoyin burtsatse, wallahi har yanzu abin na raina. Wani dattijo ya miƙe yace rijiyarsa da ya gada ta ƙafe tun da maƙwabcinsa ya haƙa mai zurfi ya sa mata injin sola, famfo na aiki tun safe har magariba tunda ba mai ake siya ba. Shi kuma maƙwabcin yace ai a gonarsa ya haƙa. Toh wa zaka ba gaskiya? Ruwan da ke ƙasa bai san iyakar gonar kowa ba.

Jami'in ƙaramar hukumar yace a yi rijistar rijiyoyi a sa mitar auna ruwan da kowa ke zuƙa, nan fa waje ya kaure da hayaniya, kowa na ganin haraji ne ake son kawowa ta bayan gida. Ni dai ina goyon bayan mitar. A jihar Kalifoniya ta Amurka sai da ƙasa ta nitse kusan mita 9 a wani yanki saboda zuƙar ruwa, daga baya a 2014 suka yi doka suka ɗora wa hukumomin yanki alhakin daidaita abin zuwa 2040 ko 2042. Amma fa in za'a sa mita a fara da masu manyan gonaki, kar a tsaya kan mai kadada ɗaya.