Motata da Masaƙar Kaka

A watan Nuwamban 2014 na sayi motata ta farko, kuma har yau ita ce a ƙofar gidana. Corolla ce ƙirar 2005, ruwan toka, 'yar Kwatano. Adashin malaman makarantarmu na kwasa, na haɗa da kuɗin wani ɗan fili da na sayar a bayan gari, na damƙa wa dillali naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Lokacin ba a rufe shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa ba, sai a Janairun 2017 dokar ta fara aiki. Ranar da aka kawo ta, na buɗe ɗan akwatin gaba na tarar da rasitan gareji na mai ita na farko can Amurka, an jera su bi da bi, kowane juye da kwanan watansa. Mil 118,000 ne a agogonta. Litar fetur tana naira 97, tankinta lita 50, wato ban kashe dubu biyar ba na cika ta fal, na wuce da ita gida Inna ta sa mata albarka.

Babana, Allah ya jiƙansa, mutumin Fijo ne. Ya yi zamanin da ake harhaɗa 504 a Kaduna, tun bayan buɗe kamfanin a 1975, kuma a wurinsa mota Fijo ce, sauran duk gwangwani. Ni kuwa na tashi na ga tasha ta canza fuska. Bas ɗin da ke zuwa Legas da Maiduguri Hiace ce, wadda muke kira Homa. Motar da ke shiga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba Hilux ce. Da na je Yamai wata shekara, yawancin tasin da na shiga tsofaffin Starlet da Corolla ne. Don haka da na nemi shawarar bakanikenmu, wani dattijo da muke ce wa Baba, bai ja magana ba. Ya ce, “Malam, sayi motar da in ta tsaya maka a Kafin Hausa za ka samu kayanta a Kafin Hausa.”

Shekara huɗu ban san wahalar mota ba. Juye, filogi, birki, taya, shi ke nan. Injinta mai lita 1.8 ne, kuma sarƙa ce a cikinsa maimakon bel, don haka ba ni da fargabar tsinkewar da masu wasu motocin ke yi. Wannan lafiyar tata ita ta sa na yi sake. Kowa a majalisarmu yana cewa “Toyota ce ai, ba ta mutuwa,” har ni ma na haddace.

Wajen Fabrairun 2019 na lura ruwan lagireto yana raguwa. Ba da yawa ba. Duk bayan kwana huɗu ko biyar sai in sayi ledar fiya wata biyu in ɗura, in rufe bonet in wuce. Maiɗakina ta ce min akwai ɗan jiƙa a ƙasa inda nake ajiye motar, na ce mata ruwan esi ne. A watan Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara, muka kama hanyar Zariya da ita da yara uku za mu gaisuwar rasuwa. Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai na ga allurar zafi ta ɗaga sama da rabi. Na gan ta da idona. Na ce bari dai in lallaɓa zuwa Tashar Yari, a can akwai inuwa da ruwa. Ban kai ba. Motar ta fara rasa ƙarfi, wani wari mai ɗan zaƙi ya shigo ciki, tururi ya turnuƙe ta gefen bonet. Muka fito muka tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa, ƙaramar 'yata tana kuka don ƙasa ta ƙona mata ƙafa, ta baro takalminta a mota. Awa uku muka yi a wurin kafin a samo mai janwe.

Da Baba ya kwance injin, sai ya kira ni ya nuna min gasket ɗin da ya ƙone tsakanin silinda biyu, sannan ya ɗauko wani tiyo ya lanƙwasa shi a gabana. Tsagar da ke jikinsa ba ta kai tsawon farcen ɗan yatsa ba. Ya ce, “Malam, tun yaushe take shan ruwa?” Na ce kamar wata biyu. Ya yi shiru yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, “Ai ta gaya maka. Wata biyu tana gaya maka.” Tiyon da kuɗinsa bai kai na cefanen kwana ɗaya ba ya jawo min kashe kusan albashin wata guda, da mako biyu ina hawa adaidaita sahu.

A cikin makonnin nan biyu ne wani ɗalibina na dā, da ya ji labari, ya turo min wani bidiyo a WhatsApp. Daga wani gidan tarihi ne a birnin Nagoya na Japan, wanda kamfanonin Toyota suka buɗe a 1994 a tsohon ginin masaƙarsu mai jan bulo. Na zaci tsofaffin motoci zan gani. Sai ga injin saƙa yana ta kaɗawa, ƙoshiya na kai da komo cikin sauri. Mai nunin ya tsinke zare ɗaya tak daga cikin ɗaruruwan da ke miƙe, nan take injin ya tsaya cak. Na maimaita kallon wurin nan ya fi sau goma, domin ni jikan masaƙi ne.

Kakana na wajen uwa a ƙasar Minjibir ya yi saƙarsa. Ina yaro, in an yi hutu, nakan zauna kusa da shi a rumfa ina naɗa masa kwarkwaro. Yakan ja wadari mai tsawo a fili tun da safe, sannan ya zauna, ƙafafunsa na taka allera sama da ƙasa, ƙoshiya na wucewa daga hannu zuwa hannu. Hira yake yi da maƙwabta, idonsa ma ba ya kan aikin, amma da zare ɗaya ya tsinke sai ka ga hannunsa ya tsaya. Ya laluɓo bakin zaren, ya ɗan jiƙa yatsu da yawu, ya murza ya haɗa, sannan ya ci gaba. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai wuce ba tunda zare ɗaya ne. Ya ce, “Ɗan nan, in na wuce, layin nan zai bi ƙyallen har ƙarshensa, kuma mai saye a Kurmi da shi zai fara.”

Daga ranar da na ga bidiyon na shiga karanta tarihin mutanen da suka kafa Toyota, kuma abin ya kama ni sosai. Sakichi Toyoda ɗan kafinta ne, an haife shi a 1867 a wani ƙauye a yankin Shizuoka, inda mata ke saƙa da hannu, har da mahaifiyarsa. Rayuwarsa kaf a gyaran masaƙa ta ƙare. A 1924 shi da ɗansa Kiichiro suka kammala injin da na gani a bidiyon, wanda ake kira Type G. Dabarar ba ta da wuyar ganewa: kowane zaren tsaye yana ɗauke da wani siririn ƙarfe, in zaren ya tsinke ƙarfen ya faɗo ya tsayar da injin. Kuma yana sauya ƙoshiya da kansa in zaren ciki ya ƙare. Da haka mutum ɗaya ya iya kula da injuna da dama, tunda ba sai ya zuba wa kowanne ido ba. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila, wanda a lokacin shi ne uban masu ƙera injunan saƙa, ya sayi haƙƙin dabarar a kan fam 100,000. Sakichi ya rasu a 1930 bai ga mota ko ɗaya da sunan gidansa ba.

Kiichiro ne ya buɗe sashen motoci a cikin kamfanin masaƙar a 1933. Suka sayo motar Chevrolet suka wargaza ta gunduwa-gunduwa don su koyi yadda aka yi ta. A 1935 suka fitar da babbar motar ɗaukar kaya G1, a 1936 ƙaramar mota AA, a 1937 aka kafa kamfanin mota mai zaman kansa, aka sauya sunan daga Toyoda zuwa Toyota. Garin Koromo da suka gina masana'anta shi ma daga baya, a 1959, ya koma amsa sunan Toyota. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne motocinsu na farko ba su da ƙarko ko kaɗan. G1 ta riƙa lalacewa a hanya, ma'aikata na bin ta suna gyarawa. Ko Crown da suka kai Amurka a ƙarshen shekarun 1950 kunya ta ba su, ba ta da ƙarfin bin manyan titunan can, tana zafi tana karkarwa, har suka dakatar da kai ta. A 1950 kuwa kamfanin ya kusa durƙushewa: bashi ya yi yawa, aka yi yajin aiki, ma'aikata sama da 2,000 suka bar aiki, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. Odar motocin da sojojin Amurka suka bayar saboda yaƙin Koriya ce ta farfaɗo da su. Shi kuwa ya rasu a 1952 yana da shekara 57.

Ashe ƙarkon da muke yabo koyonsa aka yi, kuma daga masaƙa aka ɗauko darasin. Taiichi Ohno, wanda ya tsara yadda ake aiki a masana'antunsu, shi ma daga ɓangaren saƙa ya fito. A tsarinsa an rataya igiya a saman layin harhaɗa motoci, kuma ma'aikaci mafi ƙanƙanta yana da ikon janta in ya ga kusa ɗaya ba ta zauna daidai ba. Shugaban rukuni ya rugo, in ba a warware matsalar nan da nan ba layin ya tsaya. Ka duba irin asarar da ke cikin tsayar da layin mota, amma suka yarda da ita, don kada kuskuren ya bi motoci ɗari kafin a farga. Daga irin wannan layin Corolla ta fito a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968. Zuwa 2021 an sayar da Corolla sama da miliyan 50.

Su ma sun taɓa ganin allura ta ɗaga suka ci gaba da tafiya. Bayan sun wuce kamfanin motoci na General Motors na Amurka sun zama na ɗaya a duniya a 2008, sai ga matsalar totur da ke maƙalewa, wadda ta sa aka janye miliyoyin motoci a 2009 da 2010, bayan an yi asarar rayuka. Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka a Fabrairun 2010 ya amsa cewa sun yi gaggawar girma. A 2014 suka biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa jama'a gaskiyar lamarin. Ban ji daɗin karanta wannan ba, domin shekarar da na sayi tawa ke nan. Haka kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ga Hilux a hoton labarai an girke mata bindiga a baya. Tun yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda har ake masa laƙabi da yaƙin Toyota, ƙarkon motar nan yake yi wa masu kisa aiki kamar yadda yake yi wa mai kai maganin rigakafi ƙauye.

Akwai kuma wani abu da ke ci min rai, ko da yake ba laifin Japanawa ba ne. Mu ma fa muna da saƙa. Kano ta yi ɗaruruwan shekaru tana tufatar da mutane har hamada. An buɗe masaƙar zamani a Kakuri ta Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Bompai da Sharaɗa. Yau yawancinsu a rufe suke, Kantin Kwari cike da atamfar waje, jikokin masaƙa irina kuma muna jiran motar da wani ya gama hawa a Amurka. Rumfar Kaka tuni aka yi shago a wurin. Ƙoshiyarsa ɗaya ce ta rage, ta yi santsi da baƙi saboda hannu, Inna ta ba ni ita bayan rasuwarsa.

Tun bayan Tashar Yari na sauya hali da motar. Baba ya sa na daina ɗura mata ruwan leda, na koma ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan. Wani yaron gareji ya taɓa ce min in bari a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai haka ake yi wa motocin Turai saboda zafin ƙasarmu. Baba ya ce kada in kuskura, injin da ba ya kai zafinsa na ƙa'ida mai yake sha, kuma yana saurin cinyewa. Kayan gyara kuwa shi nake bi mu je Ƙofar Ruwa, ya juya abu a hannunsa ya auna nauyinsa kafin in biya. Na samo ƙaramin littafi ina rubuta kowane juye da kwanan wata, na ajiye shi tare da rasitan mutumin nan na Amurka da ban taɓa gani ba.

Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, cika tanki ya zama abin da sai na yi lissafi, kuma sau da yawa a gida nake barinta in hau adaidaita zuwa makaranta. Fentin rufinta ya ƙoƙe, kujerar direba ta yage a gefe, shokazoba na baya na neman canji kafin damina. Wani maƙwabcina ya taya ta sau biyu, kuɗin da ya faɗa ya ninka abin da na saye ta, na ce masa ya yi haƙuri. Agogonta yanzu ya haura mil 240,000. Babban ɗana ya fara koyon tuƙi da ita a filin idi ranar Asabar, kuma ba na ba shi makulli sai ya buɗe bonet da sassafe, inji na sanye, ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya sake tsomawa, ya duba ruwa, sannan ya durƙusa ya leƙa ƙasan motar ko akwai jiƙa. Makon jiya ya ɗago ya ce, “Abba, akwai ɗigo kaɗan ta gefen dama.” Muka fasa zuwa filin, muka wuce garejin Baba.